Wa ke jera bututun cikin tsiro?

A cikin ƙwayar halittar dabba akwai cibiya guda mai tsara ƙananan bututun da masana ke kira mikrotubul. Tsire-tsire masu fure ba su da wannan cibiya, amma sai mu tarar da bututunsu jere tsaf. Aikin sunadaran furotin ne. A 2013, masu bincike a Japan sun tantance furotin fiye da 700 tare da waɗannan bututu a ɗan tsiron Arabidopsis. Gama-tubulin na fiddo sabon reshe daga jikin tsoho, katanin kuma na datsewa. Sunansa ma daga takobin Japanawa ya samo asali. Lamarin ya shafe mu, domin tun 2006 an nuna cewa bisa waɗannan layuka tsiro ke saƙa selulos, zaren da ke ƙarfafa karan hatsi a gonakinmu.