WAYAR KAYAN SAUTI: YADDA MUTUM ZAI HAƊA TASA A GIDA

Mutane da yawa sukan zuba kuɗi wajen sayen kayan sauti, watau garmaho da rakoda, da na'urar ƙara sauti wadda ake kira amfilifaya, da manyan lasifika biyu, sa'an nan su haɗa su da ko wace guntuwar waya suka tsinta a gida. Ba a daɗewa sai a ji suna kuka, wai kayan suna gurnani, ko lasifika ɗaya tana ɗaukewa, ko kuwa ƙarar ganga ba ta fita yadda ya kamata. Sau da yawa waya ce mai laifin. Wasu kuma sun faɗa ɗaya ramin, an ce musu kiɗa ba zai yi daɗi ba sai da wayar da kuɗinta ya kusa kai na amfilifaya. Alhali kuwa mutum mai natsuwa yana iya haɗa waya mai nagarta da hannunsa cikin yamma guda.

Wannan magana ta shafi gidaje da yawa a Nijeriya. A farkon 1975, lokacin da aka biya ma'aikata ƙarin albashin Udoji, an yi ta sayen kayan Sansui da Pioneer da Kenwood da Akai da Grundig, aka riƙa sauraron fayafayen Mamman Shata da Ɗan Maraya Jos a kansu. Da yawa daga cikin kayan nan suna da sauran rai har yanzu, sai dai wayoyinsu sun bushe, fulogansu sun yi tsatsa. Faifan garmaho kuma ya sake samun kasuwa a duniya, domin a 2022 yawan fayafayen garmaho da aka sayar a Amurka ya wuce na faifan CD, abin da ba a gani ba tun 1987.

WAYA IRI BIYU CE

Abu na farko da ya kamata a sani shi ne wayar kayan sauti iri biyu ce, kuma ba a musanya ɗaya da ɗaya. Ta farko ita ce wadda ke ɗauko sauti daga garmaho, ko rakoda, ko wayar hannu, ta kai shi cikin amfilifaya. Wutar da ke bin ta ƙarama ce ƙwarai. Na'urar faifan CD takan ba da kamar bolt 2, allurar garmaho kuwa abin da take bayarwa bai wuce kamar kashi 5 cikin 1,000 na bolt ɗaya ba. Saboda ƙanƙantar wutar, ko wace hayaniyar lantarki da ke cikin ɗaki tana iya kutsawa cikinta. Don haka ake yi wa wannan waya garkuwa, watau saƙar siraran zaren jan ƙarfe wadda ta kewaye wayar tsakiya.

Ta biyu ita ce wadda ke tashi daga amfilifaya zuwa lasifika. Ita wannan ba ta bukatar garkuwa, domin wutar da take ɗauka tana da ƙarfi. Abin da take bukata shi ne kauri.

Fulogan da ake sa wa wayoyin nan ko wanne da asalinsa. Ja da farin nan da aka saba gani a bayan kaya ana kiransu RCA, sunan kamfanin Amurka da ya fito da su don haɗa garmaho da rediyo. Ja na dama ne, fari ko baƙi na hagu. Tsofaffin kayan Turai, irin na Grundig da Philips, sukan zo da fulogi mai ƙafa biyar wanda ake kira DIN, daga sunan hukumar daidaita ma'aunin kaya ta Jamus. Dogon fulogin nan mai kaurin milimita 6.35 ya samo asali ne daga allon haɗa tarho na ƙarni na 19, ƙaraminsa kuma mai milimita 3.5 ya bazu a duniya bayan kamfanin Sony ya fito da Walkman a 1979.

KAURIN WAYAR LASIFIKA

Ko wace waya tana yi wa wuta turjiya, kamar yadda siririn famfo yake rage ƙarfin ruwa. Ana auna turjiyar da ma'aunin da ake kira om. Yawancin lasifikan gida om 8 ne, wasu 6, wasu 4, kuma akan rubuta wannan a bayansu. Ƙa'idar da masu sana'a suka daɗe suna bi ita ce kada turjiyar waya ta wuce kashi 5 cikin 100 na ta lasifika. Ga lasifika mai om 8, iyakar ke nan om 0.4, ga mai om 4 kuwa, om 0.2.

To, a ce nisan lasifika daga amfilifaya mita 10 ne. Wuta za ta je ta dawo, watau ta bi mita 20 ke nan. Siririyar waya ta jan ƙarfe wadda 'yan kasuwa ke kira 0.5 za ta yi turjiyar kusan om 0.7, ta zarce iyaka nesa. Wadda ake kira 1.5 za ta tsaya a kan om 0.23, ta ishi lasifika mai om 8. Wadda ake kira 2.5 kuwa om 0.14 ce, ta ishi har mai om 4. Idan nisan bai wuce mita 3 ko 4 ba, kamar yadda yake a yawancin ɗakuna, waya 1.5 mai laushi, mai zare da yawa a ciki, irin wadda ake sa wa fitila ko fanka, ta wadatar.

Inda ake cutar mai saye shi ne wajen ƙarfen da ke cikin robar. A manyan kasuwannin kayan lantarki, irin su Alaba a Ikko da Sabon Gari a Kano, ana samun waya ta gaskiya, ana kuma samun wadda cikinta alminiyam ne aka shafa masa jan ƙarfe a baya. Alminiyam yana ɗaukar wuta kamar kashi 61 cikin 100 na abin da jan ƙarfe ke ɗauka, ga shi da saurin karyewa, kuma ba ya karɓar dalma da kyau. Hanyar ganewa mai sauƙi ce. A feƙe bakin wayar, a kankare zare ɗaya da reza. Idan ja ne har ciki, jan ƙarfe ne. Idan fari ya bayyana, a mayar wa mai ita. Idan kuma maganaɗisu ya kama ta, to baƙin ƙarfe ne aka yi wa riga.

Wajen ɗaurawa, a feƙe roba kamar santimita ɗaya, a murɗe zaren sosai kada ko ɗaya ya yi saura a waje. Zare guda da ya kauce ya taɓa maƙwabcinsa ya isa ya ƙona amfilifaya, kuma gyaran ya fi kuɗin wayar sau da yawa. Saboda haka a kashe kaya, a zare su daga soket kafin a taɓa wayar lasifika.

Haka nan kuma a lura da ja da baƙi. Jan amfilifaya ya tafi ga jan lasifika, baƙi ga baƙi, a duka ɓangarorin biyu. Idan aka juya ɗaya, takardar lasifika ɗaya za ta riƙa turowa waje lokacin da ta ɗayar ke komawa ciki, sai su cinye ƙarar juna, kalangu da ganga su rasa nauyinsu, muryar mawaƙi kuma ta kasa tsayawa a tsakiya. Wanda alamun wayarsa suka goge yana iya cire ta daga amfilifaya, ya taɓa bakinta a jikin ƙaramin batir mai bolt 1.5 na ɗan lokaci kaɗan. Idan takardar ta turo waje, wayar da ke kan ɓangaren batirin mai alamar + ita ce ta ja.

HAƊA WAYA MAI GARKUWA

Kayan aikin ba su da yawa: waya mai garkuwa, fulogin RCA huɗu, ƙarfen narka dalma mai wat 25 zuwa 40, dalmar masu gyaran rediyo, reza, filaya, da mitar awon lantarki. Dalmar da aka saba da ita gami ce, kashi 60 kuza, kashi 40 dalma, tana narkewa a zafin digiri 183 zuwa 190, kuma tana da sinadarin liƙi a cikinta. Kada a yi aiki da sinadarin masu gyaran famfo, domin yana da guba mai cin ƙarfe a hankali.

Da farko a yanka waya biyu tsawo ɗaya, ta hagu da ta dama. Mita ɗaya ta isa, domin duk yadda waya ta ƙara tsawo haka take ƙara tsintar hayaniya, a garmaho kuma doguwar waya takan canja kaifin sauti. Sa'an nan a zura murfin fulogi a jikin wayar tun kafin a fara liƙi. Nan ne ko ƙwararru sukan yi mantuwa, sai sun gama aiki su ga murfi a ƙasa, dole a warware a sake.

A zagaya robar waje da reza a hankali, kamar santimita ɗaya da rabi daga baki, kada a yanke saƙar da ke ƙarƙashi. A warware saƙar, a tattara ta gefe ɗaya, a murɗe. A feƙe robar wayar tsakiya kamar milimita 3. Daga nan a shafa wa bakin ko wacce dalma kaɗan, a shafa wa wurin da za su zauna a jikin fulogi. Wayar tsakiya takan tafi ga ƙafar tsakiya, garkuwa kuma ga jikin fulogi. Sirrin liƙi mai kyau shi ne a ɗumama ƙarfen da za a liƙa, a bar shi ya narkar da dalmar da kansa, sa'an nan kada a motsa sai ta huce. Liƙin da ya kama yakan yi santsi da ƙyalli. Wanda ya yi dunƙule, ya yi toka-toka, bai kama ba, shi ne kuma ke sa sauti yana zuwa yana ɗaukewa. A ƙarshe a matse haƙoran fulogi a kan robar waje, don idan an ja waya nauyin kada ya faɗa kan liƙin.

Mai son haɗa wayar hannu da tsohuwar amfilifaya zai sa ƙaramin fulogi mai milimita 3.5 a baki ɗaya. Tsininsa na hagu ne, zoben tsakiya na dama, gindin kuma na garkuwa. A fulogin DIN, ƙafa ta 2 ita ce ta garkuwa, ta 3 da ta 5 na sauraro ne, hagu da dama, ta 1 da ta 4 kuwa na ɗauka.

Kafin a sa waya a kaya, sai a gwada ta da mita. Tsakiya da tsakiya su amsa, jiki da jiki su amsa, amma tsakiya da jiki kada su amsa ko kaɗan.

GURNANI DA HATSARI

Gurnanin da akan ji a lasifika yawanci na wutar gida ne, wadda a Nijeriya take jujjuyawa sau 50 cikin daƙiƙa ɗaya. Maganinsa shi ne a raba wayar sauti da wayar wuta, idan kuma dole su haɗu, to su gitta juna kada su jera. Yawancin garmaho suna da wata siririyar waya ta uku, wadda ake ɗaurawa a kan wani kusa a bayan amfilifaya. Idan aka manta da ita, gurnani ba zai daina ba ko da an sayi wayar zinariya.

Akwai wata ɗabi'a mai hatsari da wasu ke yi, watau sa wa wayar lasifika fulogin wutar gida don ya yi sauƙin cirewa. Ran da yaro ko baƙo ya cusa shi cikin soket, bolt 230 za su shiga lasifika kai tsaye, ana iya samun gobara ko a rasa rai. Dalma ita ma guba ce, musamman ga yara ƙanana, shi ya sa tun 2006 Tarayyar Turai ta taƙaita amfani da ita cikin sababbin kayan lantarki. Kada a riƙe ta da baki, a yi aiki inda iska ke shiga, a share ɓurɓushinta, a kuma wanke hannu kafin cin abinci.

TSADA DA NAGARTA

Cinikin waya mai tsada ya kankama ne bayan 1979, lokacin da Noel Lee ya kafa kamfanin Monster Cable a San Francisco, yana sayar da waya mai kauri a zamanin da shaguna ke ba da siririya kyauta. Tun daga nan ake gardama. A 1983 mujallar Stereo Review ta Amurka ta buga sakamakon wani gwaji inda aka sa mutane sauraro ba tare da sun san wace waya aka ɗaura ba. Sun gane siririyar waya, amma tsakanin mai tsada da wayar fitila mai madaidaicin kauri bambancin kaɗan ne, ya kuma yi wuyar ji idan kiɗa ake yi. A 2007 James Randi ya ce zai ba da dala miliyan ɗaya ga wanda ya iya bambanta wata waya ta dala 7,250 da wadda ba ta kai ta tsada ba, da kunnensa kaɗai. Ba a kai ga yin gwajin ba.

Azurfa ta fi jan ƙarfe ɗaukar wuta da kamar kashi 6 cikin 100 ne kawai, abin da ƙarin kauri kaɗan zai biya. Zinariya ma ba ta kai jan ƙarfe ba. Amfanin shafa ta a bakin fulogi shi ne ba ta tsatsa, kuma wannan ba ƙaramin abu ba ne ga mazauna Ikko da Fatakwal, inda iska ke ɗauke da laima da gishiri. A Arewa kuwa ƙurar hunturu ce abokiyar gaba, saboda haka yana da kyau a zare fulogai a goge su sau ɗaya ko sau biyu a shekara.

Wanda ya samu jan ƙarfe na gaskiya, ya zaɓi kaurin da ya dace da nisan, ya yi liƙi mai tsabta, ya gama abin da waya za ta iya yi masa. Sauran kuɗin gara ya kashe su wajen sabuwar allurar garmaho, domin tsohuwar allura tana cinye faifai, faifan Shata na asali kuwa idan ya lalace samun wani sai an sha wuya.