Ganin Gida a Haɗeja

Da yammacin Juma'a, bayan an sauko daga masallaci, hanyar da ta tashi daga Kano ta bi ta Ringim da Taura da Gujungu takan cika da motocin Haɗejawa masu tafiya ganin gida. Ma'aikata ne da 'yan kasuwa da malaman makaranta waɗanda neman abinci ya zaunar a wasu garuruwa. Wasu daga Dutse suke tasowa, domin tun da aka ƙirƙiro Jihar Jigawa a 1991 aikin gwamnati ya kwashi mutanen Haɗeja da dama zuwa can. Ba biki ya kira su ba, ba kuma rasuwa aka yi ba. Maigida ne kawai ya ɗebo iyalinsa yara su ga kakanninsu, a kwana biyu, ranar Lahadi a juyo. A ganina wannan zuwa da ba shi da wani dalili shi ne zumuncin da ya fi daraja, domin zuwa biki ko ta'aziyya akwai tilas a cikinsa, wannan kuwa ganin dama ne.

Ba a shiga gida hannu rabbana. A bayan mota akwai burodi da sukari da ganyen shayi da sabulu, ga goro na tsofaffi, wani lokaci har da turmin atamfa. Mai kawo tsarabar ba shi ke rabawa ba. Gaba ɗaya ake miƙa ta ga babbar macen gidan, ita ta san gwaggon da ke zawarci a lungun baya da maƙwabcin da ba ya da lafiya, ita za ta kasa ta aika yara.

Kafin komai sai an kawo ruwa. Sannan a zauna a yi gaisuwa a tsanake, ɗa ya durƙusa gaban mahaifinsa ko da shi ma ya fara furfura. "Kun zo lafiya? Ya hanya? Ya kuka baro mutanen can?" Idan ɗan fari ne, uwa ba za ta kama sunansa ba, ƙila ma ba za ta dube shi sosai ba. Wanda bai san alkunya ba zai ɗauka ba ta yi murna ba, alhali tun safe take tsaye a kan tukunya saboda shi. Murnar da ta ɓoye wa ɗanta a kan jikoki take sauke ta. Namiji ta kira shi maigidanta, ta tambaye shi ina kuɗin cefane. Mace ta ce kishiya ta zo, a ɓoye mata tsoho. Yaran birni sukan yi sororo da farko, amma kafin magariba sun koyi ramawa.

Da labari ya bazu cewa baƙi sun sauka, sai kwanuka su fara shigowa daga gidajen dangi da maƙwabta. Wannan tuwon shinkafa da miyar kifi, wancan burabusko, wata ta aiko da fura da nono. Ba wanda zai iya cinyewa, kuma ba don a cinye aka aiko ba. Kowane kwano sai an buɗe shi an taɓa, an ba yaron da ya kawo tukwici, an ce ya gaida mai aikowa.

Safiyar Asabar ta zagayen gaisuwa ce, kuma tana da tsari. Da babban gida ake farawa, wajen baffa ko wanda ya gaji zauren kakanni, sannan kawunnai, sannan surukai. Daga Matsaro a nufi Dubantu, a ratsa Majema, a ɓulla Yankoli ko Gagulmari, yawanci da ƙafa, domin lungunan cikin gari ba na mota ba ne, kuma da ma Hausawa sun ce zumunta a ƙafa take. A wannan zagaye ake biyan bashin da ya taru: barkar haihuwar da aka yi ba ka nan, ta'aziyyar da ka yi ta waya, duba marar lafiya. A Haɗeja ta'aziyyar waya ba ta ɗauke ta ido da ido. Ko wata shida ne da rasuwar, sai ka je ka zauna a zaure an yi addu'a an shafa. Da yawa sukan biya maƙabarta su yi wa iyaye addu'a kafin rana ta yi zafi.

Idan hanya ta biyo ta ƙofar fada, inda Mai Martaba Sarkin Haɗeja Alhaji Adamu Abubakar Maje ke zaune tun 2002, uba yakan rage sauri ya ba 'ya'yansa labari. Zai faɗa musu labarin Sarki Sambo da ya kafa sarautar Fulani a garin a farkon ƙarni na 19, da Sarki Buhari da ya ƙi sauka da Sakkwato ta tuɓe shi, da Sarki Muhammadu da ya tari Turawa da yaƙi a 1906 har ya rasa ransa tare da jarumansa, shi ya sa ake ce masa Mai Shahada. Bahaɗeje ba ya gajiya da wannan labari, kuma ya cancanci a yi ta maimaita shi.

Amma abin da yara suke jira shi ne la'asar, lokacin da kawu zai ce a tafi bakin kogi. Kogin Haɗeja, wanda ke gangarawa ya haɗu da na Jama'are su zama Komadugu Yobe su nufi Tafkin Chadi, shi ne ke tsara rayuwar wannan ƙasa. Da damina ruwa yakan bazu ya mamaye fadama, a shuka shinkafa. Yana janyewa manoma suna bin sawunsa da wake da sauran amfanin da ke rayuwa da damshin da ya bari, masu noman rani su dasa albasa da tattasai, su shuka alkama idan sanyi ya shigo. Bayan girbi Fulani su shigo da shanu su ci kara. Fili ɗaya ne, amma masunci da manomi da makiyayi kowa yana da lokacinsa a kansa, kuma idan aka kiyaye lokacin ana zaman lafiya.

A nan yaron da ya saba ganin kifi a faranti zai ga masunci kwance a kan gora yana yawo bisa ruwa, wani yana tura kwalekwale, wani yana gyaran koma a gindin goriba. A nan zai koyi bambanta tarwaɗa da karfasa da ragon ruwa, a nuna masa inda gaiwa ke binne kanta cikin laka ta jira wata daminar. Zai ji Hausa da Fulatanci da Manganci da Badanci a waje ɗaya, ya ga Bafulatani da Bamange suna zolayar juna kan wane ne ubangidan wani, a yi dariya a rabu. Masu hali sukan ƙarasa har Baturiya a ƙasar Kirikasamma, dausayin da aka shigar cikin yarjejeniyar kare dausayi ta Ramsar a 2008, inda tsuntsaye daga Turai ke sauka da hunturu.

Hirar manya a bakin ruwa kuwa ba duka ce mai daɗi ba. Tsofaffi sukan ce kogin ya sauya hali tun da aka gina madatsar Tiga a 1974 da ta Challawa a 1992. Ciyawar kacala ta toshe hanyoyin ruwa, ta cinye gonaki da wuraren kamun kifi, ta zama mafakar tsuntsayen jan-baki masu ɓarnar shinkafa. Wani wuri ruwa ya daina zuwa, wani wuri ya zauna ya ƙi tafiya. Ga ambaliya irin ta 2020 da ta 2022, lokacin da mutanen gari suka yi ta kwana a kan jinga suna cika buhuna da ƙasa. Saboda haka idan ɗan birni ya tambayi ɗan'uwansa "Ya ruwa?" aka amsa masa "Ruwa ya yi gyara," yakan ƙara tambaya a hankali, don ya ji ko akwai buƙatar taimakon iri ko taki. Irin wannan taimako ba a roƙonsa ta waya. Sai mutum ya zo ya ga gonar da idonsa.

Da daddare a shimfiɗa tabarmin kaba a tsakar gida. Yara su kewaye kaka, maza su koma zaure, a nan ake kashe maganar auren ƙanwa, ko gyaran katangar da damina ta kayar, ko wanda zai ɗauki nauyin karatun maraya.

Ranar Lahadi da hantsi sai kasuwar kifi, wadda 'yan kasuwa ke zuwa sari har daga kudancin ƙasar nan. Wanda ya je Haɗeja ya dawo babu bandar kifi, maƙwabtansa za su tambaye shi ko lafiya. A gida kuma an riga an ɗaure ƙullin kuka da kuɓewa da daddawa da ɗan buhun shinkafa 'yar gida, har tsarabar komawa takan fi ta zuwa nauyi. Tsoho ya yi addu'a, mata su rako zuwa zaure, samari su rako har bakin mota. Direban da ya san hanya yakan so a tashi da wuri, domin Lahadi ce kasuwar Gujungu ke ci, hanya takan cushe.

Mai karatu, idan kana da dangi a wannan ƙasa, ko aboki da ya daɗe yana gayyatarka, ka shirya zuwa tsakanin kaka da tsakiyar hunturu, lokacin da ruwa ya janye, shinkafa ta shigo gida, kifi ya wadata. Kuma kada ka bar yaran a baya.