Fentin mota: Dalilin da ya sa tina ɗaya ba ta isa aikin shekara a Masarautar Gumel

A garejojin Gumel da Maigatari da Gagarawa da Sule Tankarkar, ƙananan hukumomi huɗu da suka haɗa Masarautar Gumel a arewacin Jihar Jigawa, mai mota kan yi doguwar jayayya a kan launin fenti da kuɗin aiki, amma da wuya ya tambayi irin tinar da za a tsinka fentin da ita. Alhali kuwa tinar ce kan yanke hukunci a kan ko fentin zai kwanta sumul ya shekara yana sheƙi, ko kuma ya dusashe kafin damina ta zagayo.

Asarar ba ƙarama ba ce. Direban da ke jigilar fasinja ko dabbobi zuwa kasuwar Maigatari ta ranar Alhamis, idan aiki ya ɓaci aka sake kankare motarsa, ya rasa kasuwar mako guda ke nan. Shi kuma mai fenti sau da yawa daga aljihunsa zai sayi kayan gyara, a lokacin da farashin kayan da ake shigowa da su daga waje ya yi tashin gwauron zabi tun bayan faɗuwar darajar Naira a shekarar 2023.

Aikin da tina ke yi

Fentin mota yana zuwa da kauri, ba zai iya fita ta bakin bindigar feshi a haka ba. Tina ce ke tsinka shi ya fita kamar hazo, ta ba shi damar bazuwa a jikin ƙarfe, sannan ta bushe ta bi iska ta bar launin shi kaɗai. Gaba ɗaya sirrin yana cikin saurin bushewar. Idan ta gudu da wuri, fenti bai samu ya baje ba. Idan ta daɗe fiye da kima, sai ya dalalo.

Wannan fasaha ta haura shekara 100. A farkon shekarun 1920 kamfanin DuPont na Amurka ya fito da fentin Duco, wanda kamfanin General Motors ya fesa wa motocinsa ƙirar Oakland na 1924, aikin da a da ke cin makonni ya koma na ɗan lokaci kaɗan. Jikan wannan fenti shi ne wanda ake kira NC ko selulos, kuma har yanzu ana amfani da shi saboda arha da saurin bushewa.

Kowane fenti da tinarsa

Ƙa'ida ta farko ita ce tina ta dace da jinsin fenti. Selulos yana bushewa ne da zarar tina ta fice daga jikinsa. Shi kuwa fentin 2K sai an haɗa shi da hadana, wato sinadarin da ke daskarar da shi ya yi tauri. Tinar selulos takan ƙunshi sinadaran da ke cinye ƙarfin hadana, don haka idan aka zuba ta a 2K, fentin kan rasa sheƙi ko ya ƙi yin tauri yadda ya kamata.

Haka ma tinar wanki mai arha da ake aunawa a kwalba. An yi ta ne domin wanke bindiga da kayan aiki, kuma wata takan zo da ruwa ko datti a ciki. Fetur kuwa ba tina ba ne ko kusa. Yana barin maiƙo a cikin fenti, yana kashe sheƙi, ga haɗarin gobara. Arhar da aka samu a nan ita ake biya ninki biyu ranar da mai mota ya dawo da ƙorafi.

Yanayi shi ke zaɓen tina

Kamfanonin fenti kan raba tinar 2K gida uku. Akwai mai saurin bushewa, wadda ta dace da yanayin da bai kai digiri 20 a ma'aunin Selshiyos ba. Akwai matsakaiciya, ta kimanin digiri 20 zuwa 28. Sai mai jinkiri, ta zafin da ya haura haka.

A yankin Gumel, inda zafin watannin Afrilu da Mayu kan zarce digiri 40, mai jinkiri ce ta bazara. Idan aka yi amfani da mai sauri a irin wannan rana, fenti kan fara bushewa tun yana cikin iska, ya sauka da kaushi kamar yashi, ko ya yi gurzan ɓawon lemo. Wani lokaci saman ya rufe da wuri ya kulle tina a ƙasa, daga baya ta huda shi ta bar ƙananan ramuka kamar na allura. Shi ya sa feshin sassafe, kafin ƙarfen mota ya ɗauki zafi, ya fi aminci.

Hunturu yana da nasa ruɗin. Safiyar Disamba da Janairu kan yi sanyin da mai jinkiri za ta sa fenti ya dalalo, kuma ta bar shi a jiƙe ƙura na manne masa. Amma da azahar rana kan buɗe, iska kuma busasshiya ce, ta yadda mai sauri za ta gudu. Saboda haka sa'ar da za a yi feshi ake dubawa, ba sunan wata ba.

Da damina, musamman a Agusta, matsalar laima ce. Tina mai sauri tana sanyaya jikin ƙarfe yayin da take bushewa, sai raɓa ta sauka a kan ɗanyen fenti ya yi fari-fari kamar an shafa madara. Selulos ya fi fuskantar wannan, kuma maganinsa tina mai jinkiri ce.

Girman aiki ma yana da tasiri. Ƙofa ɗaya ko bamba za ta jure matsakaiciya, amma doguwar bas tana bukatar mai jinkiri domin gefen da aka fara kada ya bushe kafin a zagayo a haɗe shi.

Awo, ba kintace ba

Ma'aunin haɗi yana rubuce a jikin gwangwani, kuma ya bambanta daga kamfani zuwa kamfani. Wanda aka fi gani a 2K shi ne kashi 2 na fenti, kashi 1 na hadana, sannan tina kimanin kashi 10 cikin 100 na abin da aka haɗa. Ana fara gauraya fenti da hadana, tina ta zo a ƙarshe, a tace, a gwada a wani guntun ƙarfe kafin a taɓa mota. Tsakanin shafi da shafi ana jiran minti 5 zuwa 10. Fentin da aka riga aka sa wa hadana yana daskarewa cikin sa'o'i kaɗan, zafi kuma na ƙara masa sauri. Idan ya fara kauri a kofi, ƙarin tina ba zai farfaɗo da shi ba.

Lafiyar mai feshi

Tina na ɗauke da sinadarai irin su toluwin da zailin, masu haddasa jiri da ciwon kai, da lahani ga jijiyoyi idan shaƙarsu ta daɗe. Hadana kuma na ɗauke da aisosayanet, wanda hukumar kula da lafiyar ma'aikata ta Birtaniya ta lissafa cikin manyan abubuwan da ke jawo cutar asma a wurin aiki. Ƙyallen rufe hanci ko takunkumin asibiti ba sa tare tururin. Mafi ƙaranci shi ne takunkumi mai matatar gawayi da safar hannu, ga mai fesa 2K kuwa wanda ake turo wa iska mai tsafta ta bututu shi ne kariya ta gaskiya. Wanke hannu da tina, wanda yaran gareji suka saba yi, hanya ce ta shigar da ita jiki ta fata.

Ga mai mota, tambayoyi uku sun wadatar kafin ya miƙa mukulli: wane jinsin fenti za a fesa, wace tina aka tanada masa, kuma da ƙarfe nawa za a yi feshin. Mai fentin da ya san aikinsa zai amsa su ba tare da inda-inda ba, ya kuma nuna gwangwanin.