Wa ke da haƙƙin mallakar gaurayen ƙarfe?

A cikin injin jirgin sama ko na tashar lantarki mai aiki da gas, fukafukan da ke juyawa suna shan iskar da zafinta ya haura digiri 1,000. Shi ya sa ake gauraya nikel da kuromiyam da alminiyam: da zafi ya taso, sai kuromiyam da alminiyam su yi siririn ɓawo a saman ƙarfen, ya hana oksijin cin cikinsa. Ɗan ƙari ko ɗan ragi kan sauya halin ƙarfen, kuma a kan wannan ɗan bambancin ake kai ƙara.

A 2003 kotun ɗaukaka ƙara ta tarayyar Amurka mai duba shari'o'in haƙƙin ƙirƙira ta yanke hukunci kan buƙatar Peterson, wanda ya nemi mallakar gaurayen nikel mai kuromiyam kusan kashi 14 cikin ɗari da reniyam kashi 1 zuwa 3. Matsalarsa ita ce wata tsohuwar takarda ta riga ta ambaci kuromiyam 3 zuwa 18 da reniyam 0 zuwa 7. Kotun ta ce duk masanin ƙarfe zai lalubi ma'aunin da ya fi kyau a cikin wannan iyaka, saboda haka sai Peterson ya nuna sakamakon da ba a zata ba. Gwajinsa ya nuna haka a kashi 2 na reniyam kawai, alhali yana neman 1 zuwa 3, sai aka hana shi. Tun 1985 kotun ta hana kamfanin Titanium Metals mallakar gaurayen titaniyam mai jure ruwan gishiri mai zafi, domin wata maƙalar Rasha ta 1970 ta riga ta nuna wannan haɗin, ko da ba ta san da juriyar ba.

Ina ganin hukunce-hukuncen sun yi daidai. Masu suka na cewa gano ma'aunin da ya dace yana cin shekaru da maƙudan kuɗi, kuma idan aka hana kamfani kariya sai ya ɓoye sirrinsa. Maganar tana da nauyi, amma ai ƙofar ba a rufe take ba: wanda ya gwada ko'ina cikin iyakar da yake nema, ya nuna bambanci na gaske, yana iya samu, haka wanda ya nemi kariya ga sabuwar hanyar amfani da tsohon haɗi. Abin da aka hana shi ne mutum ya noma kunya ɗaya ya killace gona duka, sauran masu bincike su shafe shekara 20 suna biyansa kuɗin izini a kan ma'aunan da bai tabbatar da fifikonsa ba.