Aktin: siririn zaren da ke tsakanin sikila da zazzaɓin cizon sauro

Duk shekara, daga watan Agusta zuwa Oktoba, ɗakunan kwantar da yara na asibitocin Maraɗi, Damagaram da Tawa sukan cika. Iyaye mata da ke jinya sun san wani abu mai ɗaure kai: yara biyu, uwa ɗaya uba ɗaya, ɗaki ɗaya suke kwana, sauro ɗaya ke cizonsu, amma ɗaya ya yi masassarar kwana uku ya miƙe, ɗayan kuwa sai an yi masa ƙarin jini, wani lokaci har da suma. Dalilan suna da yawa. Ɗaya daga cikinsu yana ɓoye a wani furotin da akasarinmu ba mu taɓa jin sunansa ba, wato aktin.

Rahoton Hukumar Lafiya ta Duniya na 2024 ya ƙiyasta cewa a 2023 zazzaɓin cizon sauro ya kashe mutum 597,000 a duniya. Ƙasashe huɗu ne suka kwashi fiye da rabin mace-macen: Najeriya, Jamhuriyar Dimokuraɗiyyar Kwango, Nijar da Tanzaniya. Kason Nijar ya kusa 6 cikin 100. A wannan yanki kuma ake yawan gadon cutar sikila, wadda wasu ke kira amosanin jini ko emasi. Haɗuwar cututtukan biyu a wuri ɗaya ba ta faru haka kawai ba, kuma aktin na cikin abubuwan da suka ɗaure su.

Mene ne aktin?

Jikin mutum ƙwayoyin halitta ne masu ɗimbin yawa, kowace kamar ɗan ɗaki da ido ba ya gani. Ɗakin nan yana buƙatar dirkoki da azara, in ba haka ba ya rushe. Aktin na cikin manyan kayan wannan gini. Guda ɗayansa ɗan dunƙule ne da aka ƙera da sinadaran amino 375. Dunƙulen kan manne da juna kamar ƴaƴan carbi, su zama zare mai kaurin nanomita 7 kacal. Sai an jera zare wajen 10,000 kafin su kai kaurin gashi guda.

Abin da ya bambanta shi da ginin laka shi ne ba ya zama wuri ɗaya. Kamar bukkar makiyayi yake, a kafa a nan, a kwance, a sake kafawa can. Yana ƙaruwa ta wannan baki yana zubewa ta wancan. Da haka ne farar ƙwayar jini ke rarrafawa ta bi ƙwayar cuta, fata ke rufe bakin rauni, ƙwayar halitta ke tsuke kugu ta rabu biyu.

Wani matashin masani ɗan ƙasar Hangari, Brunó Straub, shi ya fara ware aktin daga tsoka a 1942, a birnin Szeged, cikin ɗakin binciken Albert Szent-Györgyi, wanda ya samu kyautar Nobel a 1937. A 1954 wasu rukunin masana biyu, ɗaya da Andrew Huxley ɗaya da Hugh Huxley, suka nuna yadda tsoka ke motsi: zaruruwan aktin suna zamewa tsakanin na wani furotin mai suna miyosin. Ka ɗauka aktin igiyar guga ce, miyosin kuma hannayen mai jan ruwa, ya kama, ya ja, ya saki, ya sake kamawa. Kowane saki yana cin makamashin da ake kira ATP. Shi ya sa idan an yanka dabba, bayan wasu awoyi naman yake sandarewa: makamashi ya ƙare, hannayen sun ƙanƙame igiyar ba saki.

Idan zaren ya samu tangarɗa

Mutum yana da ƙwayoyin gado shida da ke ƙera aktin, kowace da wurin aikinta. Kuskure a ACTA1 na sa a haifi jariri mai raunin tsoka, wanda tsotso da numfashi kan yi masa wuya. Kuskure a ACTC1 na taɓa tsokar zuciya. Na ACTA2 na iya sa babbar jijiyar jini da ke fita daga zuciya ta kumbura har ta tsage. Na ACTG1 kuma na jawo kurumtar da ke ƙaruwa da shekaru, domin ƴan gashin da ke ɗaukar sauti a can cikin kunne da aktin aka gina su. Waɗannan cututtukan ba su da yawa. Wanda ya fi yawa shi ne rawar aktin a ciwon daji: ƙwayar da ta ɓalle daga ƙari ta nufi huhu ko hanta, da ƙafafun aktin take tafiya.

Ƙwayoyin cuta ma sun koyi satar sa. Shigella, mai haddasa gudawa da jini, idan ta shiga ƙwayar hanji sai ta tara aktin ɗin mai gida a bayanta ya zama jela, jelar ta riƙa tura ta har ta huda maƙwabciyar ƙwaya. A 1989 Lewis Tilney da Daniel Portnoy suka nuna irin wannan jela a Listeria, wadda ake kamawa ta gurɓataccen abinci.

Kokawa a cikin jajayen ƙwayoyin jini

Jar ƙwayar jini tana kwana kusan 120 tana zagaya jiki, tana matsewa ta cikin jijiyoyin da suka fi ta ƙanƙanta. Abin da ke hana ta fashewa wata raga ce da ke ƙarƙashin fatarta. Igiyoyin ragar furotin ne mai suna sifektirin, ƙullin da ke haɗa su kuma guntayen aktin ne.

Ƙwayar zazzaɓi mafi kisa, Plasmodium falciparum, idan ta shiga wannan ɗaki tana da matsala ɗaya: saifa na tace jini tana cire duk ƙwayar da ta lalace. Don ta tsira, sai ta aika wani furotin mai danƙo, PfEMP1, zuwa bayan fatar ƙwayar jinin, ya manne ta a bangon ƙananan jijiyoyi. Idan mannewar ta yi yawa a ƙwaƙwalwa, shi ne zazzaɓin da ke sa yaro suma da jijjiga. Idan a mabiyiya ne, mai ciki da ɗan cikinta ke wahala.

Ta wace hanya danƙon ke isa waje? A 2011 mujallar Science ta buga binciken Marek Cyrklaff da abokan aikinsa na Jami'ar Heidelberg a Jamus, ƙarƙashin Michael Lanzer. Sun daskarar da ƙwayoyin jini suka duba su da na'urar lantarki mai ƙara girma, suka ga ƙwayar zazzaɓin tana kwance aktin daga ragar mai gida tana saƙa dogayen zaruruwa, tana bin su da kayanta zuwa fata. A jinin da ke ɗauke da himogulobin S da C kuwa, saƙar ba ta yin kyau. Wannan himogulobin yana saurin yin tsatsa, abin da tsatsar ke haifarwa kuma yana hana aktin haɗuwa. Hanya ta lalace, danƙo ya ragu, saifa ta samu damar yin aikinta.

Wannan ya ƙara haske kan abin da Anthony Allison ya lura da shi a gabashin Afirka tun 1954, cewa masu gadon sikila ta ɓangare ɗaya, wato AS, sun fi tsira daga zazzaɓi. Bincike daga baya ya nuna haɗarin zazzaɓi mai tsanani a yaran AS na raguwa da kusan kashi 90 cikin 100. Himogulobin C, wanda ya fi yawa a Burkina Faso da arewacin Ghana, shi ma yana ba da kariya. Aktin ba shi kaɗai ne bayanin ba, akwai wasu hanyoyin da ke aiki tare da shi. Amma dalilin da ya sa gadon ya yaɗu a ƙasashen sauro a fili yake: masu AS sun fi rayuwa su haihu.

Farashin kariyar mai tsada ne. Idan AS ya auri AS, kowane ciki yana da yiwuwar ɗaya cikin huɗu na zuwa da SS. A jinin SS ƙwayoyin na lanƙwashewa kamar lauje, kuma a wasunsu aktin ɗin ragar kan lalace ya ƙulle, ta yadda ko iskar shaƙa ta dawo ba sa komawa siffarsu. Maimakon kwana 120, kwana 10 zuwa 20 suke yi. Ga irin wannan yaro zazzaɓi babban haɗari ne.

Abin da ya rage gare mu

Ƙwayar zazzaɓin tana da nata aktin da nata miyosin, da su take sulalewa cikin fata bayan cizo, da su kuma take kutsawa cikin ƙwayar jini. Nata zaruruwan gajeru ne, sun bambanta da namu, shi ya sa masana, ciki har da na cibiyar Curie a Faris, ke nazarin wannan inji don neman maganin da zai tsayar da shi bai taɓa na mutum ba. Aikin yana matakin ɗakin bincike.

Kafin nan, abin da ke hannu sananne ne. Mai AS yana kamuwa da zazzaɓi kamar kowa, tsananin ne kawai ke raguwa, don haka gidan sauro mai magani da maganin rigakafin damina na yara ƴan wata 3 zuwa 59 sun shafe shi. Allurar rigakafin zazzaɓin, wadda Nijar ta fara yi wa yara a 2024 daga Gaya ta jihar Doso, ƙari ce a kan waɗannan. Ƴan uwanmu da suka daɗe a Turai ko Aljeriya su sani cewa garkuwar da jiki ya saba da ita tana raguwa, su nemi maganin kariya kafin su zo hutun damina.

Ga samari da ƴan mata masu shirin aure, gwajin da ke nuna AA, AS, AC ko SS ɗigon jini kaɗan yake buƙata. Ana yin sa a cibiyar ƙasa ta kula da masu sikila da ke Yamai da manyan asibitocin jihohi. Ya fi sauƙi a san sakamakon tun ba a kai kuɗin gaisuwa ba.