Lambun Bayan Gida da Shekara Talatin Ɗin Jennifer Owen

A wata unguwa da ke gefen birnin Leicester a Ingila, masaniyar ilimin dabbobi Jennifer Owen ta shafe shekara 30, daga 1972 zuwa 2001, tana rubuta sunan duk wani mai rai da ta tarar a lambun gidanta. Filin murabba'in mita 741 ne, bai kai fuloti biyu irin namu na ƙafa 50 da 100 ba, kuma abin da ke cikinsa shi ake gani a bayan gidajen Ingila da yawa: furanni, 'yan kunyoyin kayan lambu, itatuwa, ciyawa da ɗan ƙaramin tafki. Da ta tattara lissafinta a littafin da ta fitar a 2010, sai ga nau'in halitta 2,673: tsirrai 474, ƙwari 1,997, sauran kuma tsuntsaye ne da kwaɗi da gizo-gizo da makamantansu. Huɗu daga cikin ƙwarin, duka dangin zanzaro, masana ba su taɓa saninsu ba sai da ta kama su a bayan gidanta. Abin da na fahimta daga wannan lissafi shi ne, lambun gida yana samun darajarsa daga abu biyu: haɗa fure da kayan miya da ruwa a wuri guda, da kuma daɗewar mai shi a kansa.

Mai hankalin tattali zai ce fure ɓarnar fili ne, tunda ba a miya da shi. Maganar tana da asali, domin Turawan kansu sun taɓa yin ta. A 1939, da yaƙin duniya na biyu ya wahalar da shigo da abinci, gwamnatin Birtaniya ta kira jama'a su nome ko'ina, aka tuge furanni aka dasa dankali da albasa har a wuraren shaƙatawa na Landan. Amma shawarar lokacin yunwa daban take da ta zaman lafiya, kuma kayan miyan ma ba sa rabuwa da fure. Kabewa da kankana da kokwamba suna fitar da furen namiji daban, na mace daban. In ƙudan zuma bai ɗauko garin wannan ya kai wa wancan ba, sai ka ga yaɗo ya yi shar amma babu ɗa ko ɗaya. Ƙudan zuman nan kuwa yana buƙatar abin tsotsa tun kafin kabewa ta yi fure da bayan ta gama, kuma furannin ado ne ke riƙe shi a gidan. Haka wasu ƙudaje masu kama da rina, waɗanda Owen ta fi ba wa muhimmanci a bincikenta: manyansu na shan ruwan fure, tsutsotsin da yawa daga cikinsu kuma na cinye ƙananan ƙwarin da ke tsotse ganye. Wanda ya share furanninsa duka don ya ƙara kunya biyu ta tumatir, sau da yawa kuɗin maganin feshi zai biya a madadinsu.

Tafkin ya fi jawo gardama, kuma ya daɗe yana jawowa. A 1893, lokacin da mai zane Claude Monet ya nemi izinin karkato ruwan wani rafi zuwa tafkin da zai haƙa a ƙauyen Giverny na Faransa, maƙwabtansa sun ƙi, suna tsoron baƙin tsirransa za su gurɓata ruwan da dabbobinsu ke sha. Ya samu izinin, ya dasa bado, ya yi ta zana shi har rasuwarsa a 1926, hotuna wajen 250. A Ingila kuwa hujjar tafki ta fi ta zane nauyi. An kiyasta cewa kusan rabin tafkunan karkarar ƙasar sun ɓace a ƙarni na 20, saboda an cike su don noma da gini, ga kuma famfo ya maye gurbinsu wajen shayar da shanu. Kwaɗin da suka rasa wurin saka ƙwai sun koma 'yan tafkunan bayan gida, waɗanda yawansu ya kai miliyoyi, suna biyan kuɗin haya da cin dodon-koɗi da tsutsotsin da ke ɓarnar latas.

A nan ne mai karatu a Kano ko Maraɗi zai ce: to, sauro fa? Tambayar daidai take, kuma amsar Leicester ba ta isa ba, domin sauron Ingila ba ya yaɗa zazzaɓi a yau. Masu lambun can har gargaɗi suke yi kada a sa kifi a tafki, don yana cinye 'ya'yan kwaɗi. A ƙasa mai zafi, inda sauro ke tashi daga ƙwai ya zama babba cikin mako ɗaya zuwa biyu, shawarar sai ta juye: tafki marar kifi, marar motsin ruwa, haɗari ne ga gida da maƙwabta. Ko kifin ma bai kamata a dogara da shi kaɗai ba, domin Hukumar Lafiya ta Duniya ba ta sa shi cikin hanyoyin yaƙi da zazzaɓin cizon sauro da ta ba da shawarar bi ba, saboda ƙarancin hujja. Ga kuma yara ƙanana, waɗanda ruwa kamu ɗaya ya isa ya halaka. A ganina, wanda ba zai iya duba tafkinsa kullum ya kuma katange shi ba, gara ya haƙura da shi ya tsaya ga zogale da lalle da rama.

Sai batun daɗewa, wanda shi ne ginshiƙin maganar. Lambun shekara ɗaya ba ya koya wa mutum abu mai yawa: ƙasa ba ta gama karɓar taki ba, itace bai yi inuwa ba, mai shi bai san kusurwar da ruwa ke kwanciya ba. Da Owen ta tsaya a shekara ta biyar, da jerin sunaye kawai za ta bari. Shekara 30 ce ta nuna mata cewa malam-buɗe-littafi da ƙudajen nan masu kama da rina suna raguwa, alhali ba ta sauya yadda take kula da lambun ba, abin da ta danganta da sauyin noma a gonakin da ke kewaye da birnin. Irin wannan sani ba ya samuwa ga mai ziyara.

Za a ce ai wannan sha'awar masu gidan kansu da babban fili ce. Ta fuskar girman fili, binciken da Jami'ar Sheffield ta yi a lambuna 61 na birnin a farkon shekarun 2000 ya nuna ƙaramin lambu bai gaza babba ba sosai wajen tara ƙwari. Abin da ya fi tasiri shi ne tsirran da ke lambun, musamman yawan itatuwa. Ta fuskar mallaka kuwa, masu ƙorafin sun yi gaskiya. Ɗan haya da ba ya da tabbacin baɗi ba zai dasa lemo ba, balle ya haƙa tafki. Ingila ta rage wannan matsala da dokar 1908, wadda ta ɗora wa ƙananan hukumomi samar da 'yan filayen lambu na haya ga mazauna in sun nema. Filayen ba su wadatar ba. A unguwannin Landan da dama, mai nema kan yi shekaru a layi kafin a kira shi.