Hutun hunturu a Tambuwal da Kebbe: Yadda komawa gida ta zama ma'aunin mulki

A daren 25 ga Disamban 2025, mutanen garin Jabo da ke ƙaramar hukumar Tambuwal suka ji wata ƙara mai ƙarfi, suka kuma ga wuta ta haskaka gonakin da ke gefen gari. Daga baya Gwamnatin Tarayya ta bayyana cewa ɓaraguzai ne na makaman da Amurka ta harba kan maɓoyar 'yan bindiga a dajin Bauni na ƙaramar hukumar Tangaza. Ba a rasa rai a Jabo ba, amma abin ya faru ne a makon da gidajen yankin suka fi cika da baƙi: ɗalibai sun dawo hutu, ma'aikata sun zo da iyalansu, ana hidimar bukukuwa.

Wannan bayani ne kan dalilin da ya sa ƙarshen shekara ya zama lokacin haɗuwar dangi a wannan yanki, da abin da tafiyar ke ci, da kuma wanda ya kamata a tambaya idan ta gagara.

Me ya sa Disamba, alhali ba Sallah ake yi ba?

Mafi yawan mutanen Tambuwal da Kebbe Musulmi ne, kuma babbar komawa gida a wurinsu ita ce ta Sallah. Sai dai Sallah tana bin kalandar Hijira, wadda ke ja baya da kimanin kwana 11 a kowace shekara. A 2007 Babbar Sallah ta faɗo ne a Disamba, a 2025 kuwa a watan Yuni aka yi ta. Hutun ƙarshen shekara shi ba ya motsi, don haka ana iya tsara biki a kansa tun watanni kafin ya zo.

Abubuwa uku ne suka haɗu a wannan lokaci. Na farko kalandar gwamnati: makarantu sun gama zangon farko, ga hutun 25 da 26 ga Disamba da na 1 ga Janairu, waɗanda ma'aikaci Musulmi da Kirista duk ke amfana da su. Na biyu kalandar noma: an gama kaka, gero da dawa sun shiga rumbu, an sayar da wake da shinkafa, magidanci ya sami abin da zai aurar da 'ya ko ya yi wa ɗa lefe. Na uku yanayi: damina ta wuce, hanyoyin ƙauye da ruwa ke yankewa sun bushe, zafin bazara kuma bai iso ba.

Shi ya sa a 'yan makonnin nan ake jera ɗaurin aure, da walimar saukar Alƙur'ani, da taron dangi. Wanda aka yi wa rasuwa yana nesa, yanzu ne zai zo ta'aziyya. Yaran da aka haifa a Abuja ko Legas, yanzu ne za su durƙusa gaban kakanninsu, su san wane ne baffa, wane ne kawu, wace ce goggo. Kiristocin da ke aiki ko kasuwanci a yankin su ma a lokacin suke kama hanyar garuruwansu domin Kirsimeti, galibi a kan titi guda da masu shigowa.

Wasu na shigowa, wasu na fita

Akwai wani ɓangare na labarin da ba a cika faɗa ba. A daidai lokacin da ma'aikaci da ɗalibi ke dawowa, matashin manomi yana ɗaure kayansa zai tafi cin rani. Wannan tsohuwar al'ada ce a ƙasar Sakkwato, har wani masanin labarin ƙasa ɗan Birtaniya, R. M. Prothero, ya yi nazari a kanta tun a shekarun 1950. Da an gama aikin gona, samari kan nufi birane da kudancin ƙasa, su yi dako ko acaɓa ko ƙaramar sana'a, su dawo da faɗuwar ruwan farko.

Saboda haka haɗuwar dangi ta hunturu ba ta cika zama cikakkiya ba. Mai albashi ne ke da hutu, mai neman na yau kuwa ba shi da shi. Inda akwai fadama da injin ban-ruwa, matasa kan zauna su yi noman rani na albasa, tumatir, alkama ko shinkafa. Inda babu, gari kan koma na tsofaffi da mata da yara. Duk wanda ke son ya gane ko alƙawarin samar da aikin yi a karkara ya cika, to ya ƙirga samarin da suka rage a ƙauye a watan Janairu.

Nawa hanyar ke ci?

Tambuwal tana kan babban titin da ya taso daga Sakkwato, ya ratsa Bodinga da Shagari, ya wuce Jega. Mai zuwa daga Abuja yana da zaɓi biyu: ko ya bi ta Kaduna, Zariya, Funtuwa da Gusau, ko ya bi ta Kontagora, Yawuri, Koko da Jega. Mai tasowa daga Legas kan bi ta Ilorin da Mokwa ya haɗe da hanya ta biyu. Jirgin ƙasa bai taɓa isa Sakkwato ba, domin layin dogon da Turawa suka shimfiɗa a Ƙaurar Namoda ya tsaya. Jirgin sama kuwa ya fi ƙarfin yawancin iyalai, ga shi hazon hunturu kan jawo jinkiri ko soke tashi.

Wannan ya sa kuɗin mota ya rataya kacokan a kan farashin fetur. Kafin Shugaba Bola Tinubu ya sanar da cire tallafi a ranar 29 ga Mayun 2023, litar mai ba ta kai naira 200 ba a farashin gwamnati. Cikin kwanaki kaɗan ta kai kusan 500, a Oktoban 2024 kuma ta haura 1,000. Mafi ƙarancin albashin da aka amince da shi a Yulin 2024 naira 70,000 ne. Magidanci mai mata da 'ya'ya huɗu dole ya biya kujeru da yawa, zuwa da dawowa, ga tsaraba, ga gudummawar biki, ga ɗan abin da zai miƙa wa dattawa. Da yawa sun koma zuwa su kaɗai su bar iyali a birni, wasu kuma sai dai su tura kuɗi ta waya su ba da haƙuri.

A Disamban 2023 Gwamnatin Tarayya ta sanar da rage rabin kuɗin mota a wasu manyan hanyoyi da kuma shiga jirgin ƙasa kyauta. Amma mutumin da garinsa ba shi da tashar jirgi, wanda kuma ƙarshen tafiyarsa a ƙaramar mota ko kan babur yake yi, kaɗan ne abin da ya isa gare shi. Babban titin Sakkwato zuwa Badagry mai tsawon fiye da kilomita 1,000, wanda aka ƙaddamar da aikinsa a 2024, zai iya sauya lissafin nan gaba, amma ba zai maye gurbin gyaran hanyoyin da ke shiga ƙauyuka ba.

Tsaro: iyakar jihohi uku

Kebbe, wadda baƙi kan rikita sunanta da na jihar Kebbi, tana can kudancin jihar Sakkwato, tana iyaka da Kebbi da kuma Zamfara. Kafin 1991 duk yankin jiha ɗaya ce. A shekarar aka cire Kebbi, a 1996 aka cire Zamfara. Dangi dai ba su rabu ba: gida ɗaya kan sami 'yan uwa a Kebbe, da Gummi, da Jega. Ziyarar kwana biyu na iya ratsa jihohi uku, kowacce da gwamnanta, da kwamishinan 'yan sandanta, da dakarun sa-kai nata. 'Yan bindiga kuwa ba su san iyaka ba, kuma sukan yi amfani da wannan giɓi su kai hari a nan su fake a can.

Watan Disamba yana da tabo a ƙwaƙwalwar mutanen jihar. A Disamban 2021 aka ƙona matafiya fiye da 20 a cikin mota a yankin Sabon Birni. A ranar 25 ga Disamban 2024 wani harin jirgin soja da aka nufi Lakurawa da shi ya hallaka aƙalla mutum 10 a ƙauyukan Silame. Ko da yake waɗannan wurare suna nesa da Tambuwal, labarinsu ya sauya yadda kowa ke tafiya. Ba a kama hanya bayan la'asar, ana bugo waya a tambayi lafiyar hanya kafin a tashi, wanda ake ganin yana da hali kuma kan shigo ba sanarwa, ya kwana a hedikwatar ƙaramar hukuma maimakon gidan mahaifinsa, don gudun masu kai rahoto.

Hatta hutun makaranta ya daina zama abin da kalanda kaɗai ke yankewa. Bayan sace ɗalibai mata 25 a Maga ta jihar Kebbi, da wasu ɗaruruwa a Papiri ta jihar Neja a Nuwamban 2025, an rufe makarantun kwana da dama a Arewa kafin lokaci. Yara sun dawo gida da wuri, amma ba hutun farin ciki ba ne.

Ina siyasa ta shigo?

Tambuwal da Kebbe mazaɓa ɗaya ce a Majalisar Wakilai. Aminu Waziri Tambuwal ya wakilce ta daga 2003 zuwa 2015, ya zama kakakin majalisar a 2011, ya yi gwamna shekara takwas, sannan ya tafi Majalisar Dattawa a 2023. Yanki ne da ba a rasa manyan 'yan siyasa ba, don haka yana da damar tambayar abin da wakilcin ya haifar.

'Yan siyasa sun san darajar wannan lokaci. Ɗaurin aure da zaman ta'aziyya su ne wuraren da ake ƙulla ƙawance, ake sasanta rigima, ake gwada farin jini. Matasa ma suna iya amfani da shi. Wanda ya dawo gida zai ga da idonsa ko asibitin garinsu yana da ma'aikaci da dare, ko rijiyar burtsatsen da aka sa a kasafin kuɗi tana ba da ruwa. Tun da Kotun Ƙoli ta yanke hukunci a ranar 11 ga Yulin 2024 cewa a riƙa biyan ƙananan hukumomi kasonsu kai tsaye, shugaban ƙaramar hukuma ya zama mutumin da ya dace a tambaya: nawa ya shigo, kuma ina ya tafi?

Akwai kuma batun ƙuri'a. Matasa da yawa sun yi rajista a gida amma suna zaune a wata jiha, don haka jefa ƙuri'arsu ya dogara ne da irin wannan tafiya mai tsada da haɗari. Dokar zaɓe ta ba da damar mayar da rajista zuwa inda mutum ke zaune, kuma gara a yanke shawara a kan haka tun kafin zaɓen 2027 ya matso.

Hausawa sun ce zumunta a ƙafa take. Kiran bidiyo da zauren dangi na WhatsApp sun rage nisa, amma ba sa ɗaukar gawa, ba sa zama shaidar ɗaurin aure, ba sa sasanta rabon gado. Idan magidanci ya shekara uku bai kai 'ya'yansa gaban mahaifiyarsa ba saboda kuɗin mota ko tsoron hanya, asarar ba ta gidansu kaɗai ba ce, kuma akwai masu riƙe da muƙaman da ya kamata su amsa tambaya a kanta.